Wa ke ɓata mana ruwa a Sakkwato, manyan kamfanoni ko sana'o'inmu na cikin unguwa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk lokacin da maganar ruwa ta taso a nan, kukan ƙarancinsa muke yi: famfo bai zo ba, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin kura. Yau ina so mu duba ɗaya ɓangaren, wato shi ruwan da muke samu ɗin, me ke cikinsa? Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa tunda Sakkwato ba ta da tarin masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, to mun tsira. Ni ban yarda ba. Ku bi kowace unguwa da ƙafa ku gani: garejin kanikawa, wurin wankin mota, marina, majema, mayanka, gidan mai, injin gyaran shinkafa, masu fasa tsohon batir. Kowannensu yana da ruwan datti da yake zubarwa kullum, kuma wuri biyu kaɗai ruwan nan zai je. Ko ya bi lambatu ya gangara fadama ya shiga gulbi, ko ya nutse ƙasa inda rijiyoyinmu suke. Ina neman masu sana'ar da kansu su yi magana, ba don a ci mutuncin kowa ba.

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, na ga ka fara da mu. Ba zan musa ba, baƙin mai yana zuba a gareji, ƙasar wurin ma ta koma baƙa ƙirin ta yi tauri. Amma nawa ne duka? Galan ɗaya ne ko ɗan fiye ake juyewa daga ƙaramar mota, kuma yawancinsa ba zubarwa muke ba, saye ake yi. Kafintoci na shafa wa katako saboda gara, masu buga bulo na shafa wa mazubi, wasu magidanta na saye su zuba a masai don kashe wari da sauro. A je a tambayi masu manyan injuna tukuna kafin a zo kan mai sifana.

Malamar Kimiyya:
Malam Bakanike, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ka faɗa na ƙarshe shi ya fi tayar min da hankali. Man da aka zuba a masai ai an riga an saukar da shi mita uku ko huɗu cikin ƙasa, an rage masa tafiya zuwa ruwan rijiya. Baƙin mai ba sabon mai ba ne da ya yi duhu kawai. Ya kwaso ɓurɓushin ƙarfen inji da guba iri-iri da ƙonewar fetur ke haifarwa, kuma ba ya ruɓewa da wuri kamar kashin dabba. Ɗan kaɗan ya isa ya shimfiɗu a saman ruwa mai faɗi ya hana iska shiga, kifi ya rasa numfashi.

Maganar galan ɗaya kuma, ka lissafa da yawan garejin da ke garin nan, da masu gyaran babur da keke napep a bakin titi, da masu janareta, shekara da shekaru. Babban kamfani bututu ɗaya yake da shi, ana iya zuwa a tsaya a kansa a ɗebi ruwa a auna, a ce masa ya gyara. Ƙananan wurare ɗari biyar ba wanda zai iya tsayawa a kansu. Shi ya sa nasu ya fi wuyar magani.

Dattijon Majema:
Salamu alaikum. Jikana ka rubuta mani, ni ka faɗi. Ɗiyana, ku riƙa rarrabewa. Jima ba yau munka fara ta ba, gado ce, kuma fatar jan akuyar Sakkwato tun zamanin ayarin raƙuma ake kai ta arewacin Afirka har ta ƙetara Turai. Abin da munka taras iyayenmu na aiki da shi, toka ce da farar ƙasa don cire gashi, sai fataka, sai bagaruwa, sai man gyaɗa, sai karan dafi in ana son ja. Duk daga daji da gona sunka fito. Wari akwai shi, ban ɓoye ba. Amma kar a haɗa mu da kamfanonin fata na zamani masu jima da sinadarin kanti. Kuma sa'ad da kakanninmu sunka zauna wurin nan, bayan gari ne. Gari ne yab biyo mu, ba mu munka shigo gari ba.

Malamar Kimiyya:
Baba, Allah ya ja da rai, gaskiyarka ce kuma bambancin babba ne. Kamfanonin fata na zamani da sinadarin kuromiyam suke jima, shi ne ya daɗe yana damun kogin Challawa a Kano, kuma ƙarfe ne, ba ya ruɓewa har abada, sai dai ya kwanta a laka ya shiga kayan lambu. Bagaruwa ba haka take ba. Sai dai Baba, ka yi min haƙuri, ruwan jimar gargajiya ma ba a barinsa ya bi lambatu haka nan. Akwai gishirin da ake barbaɗa wa ɗanyar fata, akwai kaifin toka da farar ƙasa, akwai gashi da tsokar da aka kankare. Idan waɗannan suka shiga tafki ko gulbi suka fara ruɓewa, sai su cinye iskar da ke cikin ruwan, ya yi baƙi ya yi ɗoyi. Gishirin kuma yana sauka ƙasa ya mai da rijiya zartsi. A da mutane kaɗan ne, fili da yawa, ƙasa na iya shanyewa. Yanzu katangar gida ce a jikin ramin jima.

Mai Haƙa Burtsatse:
Bari in sa baki, don ƙarƙashin ƙasar garin nan nan ne wurin aikina. Mutane suna ɗauka in dai an ce burtsatse, to ruwan ya fito daga wani wuri mai nisa da datti ba ya kaiwa. Ba kullum ba.

Ƙasar Sakkwato hawa-hawa ce. A wurare da dama a ciki da kewayen gari akwai dutsen farar ƙasa kusa da sama, irin wanda ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960. Wannan dutse yana da tsage-tsage da ramuka, kuma ruwan da yawancin rijiyoyin hannu ke samu yana zaune ne a cikinsa. Yashi da laka suna tace ruwa a hankali, amma tsaga ba ta tace komai, ruwa wucewa yake yi da abin da ya ɗauko. A fadama kuwa, wajen Kwalkwalawa da Dundaye, 'yan mitoci kaɗan za ka sauka ka tarar da ruwa, abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa ya isa.

Ruwan da ke can ƙasa sosai, ƙarƙashin laka mai kauri, ya fi aminci. Amma mu masu haƙa muna iya ɓata shi da hannunmu. Ƙa'idar aiki ita ce bayan an saka bututu, a cike gefensa na sama da siminti, don kada ruwan sama-sama ya bi jikin bututun ya gangara. Mai gida zai ce a rage masa kuɗi, mai haƙa yana tsoron wani ya ƙwace aikin, sai a tsallake simintin a mai da ƙasa kawai. To ka buɗe wa datti hanya kai tsaye. Na biyu, tsofaffin rijiyoyin da aka daina amfani da su. Sau da yawa za ka tarar an mai da su juji, mai shago na zuba shara, mai wanki na juye ruwa. Wannan ya fi zubarwa a titi muni nesa ba kusa ba. Rijiyar da ta mutu a cike ta da laka a rufe.

Ɗan Kasuwa:
Ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Me ya fi kashe mutane a ruwa a ƙasar nan? Amai da gudawa, taifot. A 2021 kwalara ta ratsa jihohin Arewa har da tamu. Kanikawa ne suka kawo ta ko marina? Bahaya ne ke shiga ruwa, daga masai da sokawe na gidajenmu, da bututun famfo da ya fashe a cikin lambatu. Wannan aikin hukuma ne. Ku bar talaka mai neman na tuwo ya sarara.

Ɗan Mabera:
Alhaji, ban ƙi ta taka ba, bahaya shi ne na ɗaya wajen kisa da gaggawa. Amma ko a nan akwai sana'a a ciki. Motocin kwasar masai kuɗi ake biyansu, to ina suke juyewa? Gidan wanka da bahaya na haya a tasha da kasuwa, otal, makarantar kuɗi, duk kasuwanci ne, kuma sokawensu ya ninka na gida sau da yawa. Abin da aka saba ba da shawara shi ne a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A fili ɗaya na zamanin nan ina za ka samu mita 30? Naka ramin yana nesa da rijiyarka, amma yana jikin ta maƙwabcinka. Mu a Mabera mun san abin da damina ke yi, ruwa ya kwanta a unguwa kwana da kwanaki, ya haɗe lambatu da juji da bakin rijiya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Alhaji, ka ba ni dama in ƙara. Kwalara tana zuwa da ƙara, kowa ya gani, a ruga asibiti. Gubar sinadari shiru take aiki, shi ya sa ba a lissafa ta. Kada mu manta da abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ba wani ƙaton kamfani ba ne. Mutanen gari ne ke kawo dutsen zinariya gida suna niƙawa, ashe cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka shigo, aka riƙa kankare ƙasar tsakar gida ana kwashewa. Ƙurar ce ta fi yin ɓarna, amma ta shiga tafkunan da ake wanke dutsen a ciki. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Na kawo wannan ne saboda masu fasa tsohon batirin mota da na sola. Ruwan batir ana tuntsurar da shi a ƙasa, a fasa a ciro dalmar, wani ma ya narka ta a wurin, yara na wasa a gefe. Yanzu da sola ta yawaita, mataccen batir zai ƙaru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 a lita, kuma ta ce babu wani adadi a jinin yaro da za a kira lafiya lau. Dalma ba ta sa zazzaɓi. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Wannan yana ci min rai ƙwarai.

Uwar 'Yan Biyu:
Innalillahi. Anti, to mu da muke tafasa ruwan jarirai, ko mu sa alif ya kwanta, bai wadatar ba ke nan?

Ma'aikaciyar Jinya:
Ki ci gaba da tafasawa 'yar'uwa, yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma su ne haɗarin kusa. Alif laka yake kwantarwa. Amma tafasawa ba ta cire dalma, ba ta cire naitiret, wanda ke zuwa daga taki da masai da kashin dabbobi. Hasali ma in ruwa ya ƙone ya ragu, su suna nan, sai su ƙara ƙarfi. Naitiret in ya wuce miligiram 50 a lita yana da haɗari ga jariri ɗan ƙasa da wata shida, yana hana jininsa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Wannan na cikin dalilan da muke nanata nono zalla har wata shida. Idan rijiyarku na kusa da garke ko juji ko mayanka, a kai ruwan a auna.

Mahauci:
Tunda an ambaci mayanka, ga ni. Wallahi mu ma abin yana damunmu, don mu ke tsaye cikinsa tun asuba. Jini, kashin tumbi, ruwan wankin hanji, duk magudana ɗaya suke bi. In ruwa ya wadata sai a kora, in babu sai ya taru ya daskare. Kashin tumbi manoma na so, suna zuwa da amalanke su kwasa in an tara musu wuri guda. Jini ma na ji ana dafa shi a busar a sa a abincin kaji. Matsalar ita ce ba wurin tarawa, ba ramin da ruwan zai tsaya ya kwanta kafin ya fita. Mahauci ɗaya ba zai gina wannan ba. Kuɗin shiga kuwa kullum muna biya a kan kowace dabba. Abu ɗaya da na yarda laifinmu ne mu masu sana'a, shi ne babbaka da tsohuwar taya. Tokar nan baƙa ruwa ke wanke ta ya tafi da ita, ga hayaƙin a jikin ganda.

Manomin Fadama:
To duk abin da kunka koro, mu yake iskewa. Mu ke ƙasan gari. Ruwan farko na damina in ya sauko daga cikin gari, baƙi ne, da leda da kumfa, don ya wanko dattin wata bakwai ko takwas na rani. Da rani kuma gulbi ya ja baya, ruwan da zai surka dattin babu. Kun tuna 2018 da ruwan madatsar Goronyo ya ragu ƙwarai har hankalin kowa ya tashi? A irin wannan lokaci abin da ke gangarowa daga lambatu bai ragu ba, gulbin ne ya ragu.

Amma mu ma ba mu fita ba. Noman albasa da shinkafa da tumatir yanzu kasuwanci ne, ba na ci kawai ba. Ana zuba takin zamani fiye da yadda shuka za ta ci, ragowar ya bi ruwa. Mai feshi ya gama, ya wanke tankinsa a bakin gulbi, ya jefar da robar maganin nan take. Wasu ma robar suke ɗaurayewa su zuba ruwan sha. Da can har masu zuba gamalin a tafki don kifi ya taso an yi. Mai sayar da maganin a kasuwa ba ya gaya maka komai sai murfi nawa za ka sa.

Almajirin Zaure:
Allah ya saka wa kowa. Ina so in tunatar da mu cewa wannan ba sabon ilimi ba ne a garin Shehu da Bello. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Abu Dawud ya ruwaito gargaɗi a kan yin bahaya a mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwa, saboda suna jawo tsinuwa. Ga kuma ƙa'idar nan da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ba cuta ba cutarwa. Idan an hana mutum ɗaya fitsari a tafki, ina ga mai juye durom na ruwan rini kullum? Halaccin sana'a bai halatta cutar da maƙwabci ba.

Sai dai akwai inda nake so mu yi hattara. A fiƙihu mun karanta cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, na alwala da wanka. Kada wani ya ɗauke shi ya ce duk ruwan da ya yi garau lafiya ne a sha. Ga shi dalma a cikin ruwa ba ta da launi ba ta da wari.

Malamar Kimiyya:
Allah gafarta Malam, ka taɓo inda nake so. Akwai wanda ba a ambata sosai ba, gidajen mai. Tankunansu a binne suke, na ƙarfe ne, suna tsatsa. In ya huje ba wanda ke gani, mai gidan man ma sai dai ya ga lissafi ba ya cika ya zargi yaransa. Fetur yana ɗauke da benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale da benzin ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900. Can bututun mai ne, ba gidan mai ba, amma hanyar da yake bi a ƙasa ɗaya ce. Yanzu ku dubi yadda gidajen mai suka shigo tsakiyar unguwanni. Duk wanda ya ji rijiyarsa na warin fetur ko kananzir, ya daina sha nan take, kada ya ce zai bar shi ya sha iska.

Ruwan gulbi in an daina zuba masa datti, damina ɗaya ko biyu na iya wanke mafi yawansa. Na ƙarƙashin ƙasa tafiyarsa a hankali ce ƙwarai, ba rana ba iska, in ya ɓaci sai a yi shekaru da dama ana fama.

Ɗan Kasuwa:
Na ji, kuma maganar batir ta shige ni, don akwai masu yi a bayan shagona. Amma ina nan a kan bakana ta wani gefen. Akwai hukumar NESREA ta tarayya mai sa ido kan dokokin muhalli tun 2007, akwai hukumar kare muhalli ta jiha. In an ce wa marini kada ya zuba a lambatu, a nuna masa inda zai zuba. In ba haka ba, tara kawai za a riƙa karɓa, ruwan kuma ya ci gaba da bin inda ya saba.

Marini:
Abin da nake jira a faɗa ke nan. Rinin yanzu ba na baba da toka ba ne irin na karofi, hoda ce ta kanti da soda mai cin hannu, sai mun sa safar roba. Ruwan da zai ci hannuna na san ba alheri zai yi wa ƙasa ba. Mu shida ne a layinmu. In akwai yadda za a gina rami na siminti mai ɗaki biyu ko uku mu riƙa juyewa a ciki, za mu iya haɗa kuɗi. Malama, yana rage wani abu ko ɓata siminti ne?

Malamar Kimiyya:
Yana ragewa sosai Malam, in dai an shafe cikinsa da kyau ba ya yoyo. Dattin zai kwanta a ɗakin farko, a bar ruwan ya huce. Ba zai cire launin duka ba, kuma kaifin sodar sai an kashe shi kafin a saki ruwan. Lakar da ta taru a busar da ita a kai juji na hukuma, kada a ba manomi a matsayin taki. Ku je sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da samfurin ruwan a roba mai tsabta, ku nemi a auna muku kafin ku fara gini, don girman ramin ya danganta da yawan abin da kuke zubarwa a rana.

Bakanike:
Ni ma zan kai maganar taron ƙungiyarmu ranar Juma'a. Durom mai murfi a kowane gareji ba zai gagare mu ba, da daɓe wurin juye mai. Mai zuwa saye don masai kuma zan gaya masa abin da na ji a nan. Mai Haƙa, in ka samu lokaci ka leƙo ta akwatin saƙo, akwai tsohuwar rijiya a bayan garejinmu da yara ke jefa tsumman mai a ciki, ina so in san laka tifa nawa za ta ci.